New Amsterdam zuwa New York: musaya aka yi ko ƙwace?

Aminu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana tarihi na wannan zaure. An san cewa 'yan Holan ne suka kafa birnin da yau ake kira New York a Amurka, kuma sunansa na farko New Amsterdam. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ya bar hannunsu. Wasu sun ce musaya aka yi, Holan ta ba Ingila Manhattan, tsibirin da garin yake a kai, ta karɓi Suriname da wani ɗan tsibiri mai gyaɗar ƙamshi. Wasu sun ce jiragen yaƙi ne suka zo a 1664, gari ya miƙa wuya ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Ga kuma masu ambaton 1674. Wanne za a kama? In kuwa da gaske ba a yi faɗa ba, me ya hana? Holan ta wancan zamani ai ba kanwar lasa ba ce a teku.

Malam Habibu

Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Duka shekarun da ka ji suna da gurbi, don sau uku garin ya sauya hannu: an ƙwace a 1664, an amince da ƙwacen a takarda a 1667, 'yan Holan suka sake karɓe garin a 1673, sannan suka sake shi har abada a 1674. Ni zan tsaya kan 1664, don nan ne tambayarka ta fi nauyi.

Ka fara da sanin wa ke da garin. Kamfani ne, wato Kamfanin Holan na Yammacin Indiya, wanda aka ba izini a 1621. Shi ya kawo iyalai na farko a 1624, shi ya fara gina sansanin soja a ƙarshen kudancin Manhattan a 1625, kuma wakilinsa Peter Minuit ne ya ba 'yan asalin ƙasar kayan da aka ƙiyasta a gilda 60 na kuɗin Holan a 1626, a matsayin kuɗin tsibirin. Wasiƙar da ta kai wannan labari Holan ita ce kuma ta lissafa kayan da jirgin ya ɗauko, ciki har da fatun biba 7,246. Biba dabbar ruwa ce mai faffaɗar wutsiya, da gashinta ake yin hulunan da Turai ke yayi a lokacin. Abin da ya kawo kamfanin ke nan. Hankalinsa kuwa yana can wani wuri: rake a Barazil, bayi da zinariya a gaɓar Afirka ta Yamma, da farautar jiragen Sifen. Da Fotugal ta kore shi daga Barazil a 1654, sai ya zama kamfani mai bashi har wuya. Duk lokacin da gwamnansa Peter Stuyvesant ya rubuta neman soja da albarushi, abin da ake aiko masa bai taka kara ya karya ba.

Sai maganar yawan jama'a. A 1664 duk ƙasar da ake kira New Netherland, daga Fort Orange a arewa har kogin Delaware a kudu, ba ta kai mutum 10,000 ba. Garin New Amsterdam kansa wajen 1,500 zuwa 2,000 ne. Maƙwabtansu Turawan Ingila na New England sun haura 30,000 tun 1660, kuma manoma ne masu neman ƙasa. Tun kafin a ga jirgin sarkin Ingila ko ɗaya sun riga sun ci gefen ƙasar da kaɗan-kaɗan. 'Yan Holan sun kafa tunga a bakin kogin Connecticut a 1633, cikin shekara uku Turawan Ingila suka kewaye ta da garin Hartford. A 1650 Stuyvesant ya je Hartford ɗin da kansa ya yarda da iyaka, ya bar musu gabashin Long Island daga Oyster Bay. Majalisar Holan ta amince da wannan iyaka a 1656, Ingila kuwa ba ta taɓa sa hannu ba, don a wurinta amincewa da iyaka amincewa ce da cewa ƙasar ta Holan ce. Ko a yankin da ya rage wa Stuyvesant, garuruwa irin su Gravesend da Hempstead da Flushing Turawan Ingila ne a ciki.

Me Landan ke nema? Kuɗin fito. Dokokin sufurin ruwa na 1651 da 1660 da 1663 sun ce kayan ƙasashen da Ingila ke mallaka, musamman taba, a jiragen Ingila za a ɗauka kuma ta Ingila za su bi. To ga tashar Holan zaune daram tsakanin New England da Virginia, tabar Virginia da Maryland na sulalewa ta nan zuwa Amsterdam ba a biya wa sarki ko anini ba. Muddin tashar na nan, dokar ba za ta yi aiki ba. A watan Maris 1664 Sarki Charles II ya rubuta wa ƙanensa James, mai sarautar York kuma shugaban rundunar ruwa, takardar mallakar duk ƙasar da ke tsakanin kogin Connecticut da mashigin Delaware, a kan harajin fatun biba 40 a shekara. Ya yi kyauta da abin da ba ya hannunsa, kuma ƙasashen biyu ba sa yaƙi a lokacin. James ma bai jira ba: a watan Yuni, jiragensa na tsakiyar teku, ya yanke yankin da ya zama New Jersey ya ba abokansa biyu, Berkeley da Carteret.

Jirage huɗu ne suka tashi daga Portsmouth a watan Mayu ƙarƙashin Kanar Richard Nicolls, babbansu Guinea mai igwa 36, da soja tsakanin 300 da 450. Labari ya iso wa Stuyvesant, ya fara shiri. Sai ga wasiƙa daga shugabannin kamfani a Amsterdam cewa ya kwantar da hankalinsa, wai sarki ya aiko jiragen ne don ya daidaita al'amuran mulki da na coci a New England. Wannan wasiƙa ta yi ɓarna ƙwarai. Stuyvesant ya saki jiki har ya hau kogi zuwa Fort Orange don wata rigima da ta shafi ƙabilar Mohawk. Kafin ya dawo, jiragen sun kusa, kuma a ƙarshen Agusta suka jefa anga a mashigin Gravesend suka tare bakin tashar.

Yanzu dubi abin da ke hannunsa. Soja kimanin 150, da mutanen gari masu iya riƙe bindiga wajen 250. Sansanin na ƙasa ne, an gina shi don kare kai daga hari ta tudu, kuma gidaje sun matso har jikin ganuwarsa, ta yadda maharbi zai iya laɓewa a bayansu ya iso gindinta. Akwai tuddai a kusa da suka fi ganuwar tsayi, wanda ya hau su yana ganin ƙafar wanda ke ciki. Babu rijiya a ciki. Igwa ba su wuce 24 ba, albarushi kaɗan ne kuma wani ya lalace, har mai kula da igwa ya shaida cewa in aka fara harbi da hantsi, kafin yamma an gama. Katangar katako da aka yi a arewacin gari a 1653, inda titin Wall Street yake yau, ba ta da amfani ga jirgin da zai zo ta ruwa, gari kuwa ruwa ne ta gabas da yamma. Yaƙi da ƙabilar Esopus da aka gama a watan Mayun shekarar ya cinye kuɗi da kayan faɗa. Abinci ma ya yi ƙaranci, don makonni biyu kafin nan jirgin Gideon ya sauke bayi 'yan Afirka 290 da dole a ciyar.

Duk da haka Stuyvesant ya so ya yi faɗa. Tsohon soja ne da ya rasa ƙafar dama a 1644 wajen kai wa Sifaniyawa hari a tsibirin Saint Martin, kuma mutum ne mai taurin kai. Da Nicolls ya aiko takardar neman miƙa wuya ba sa hannu, sai ya mayar da ita a sa hannu, don ya sami ƙarin kwana. Da gwamnan Connecticut, John Winthrop, ya kawo wasiƙa mai ɗauke da sharuɗɗa masu sauƙi, magadan gari suka ce a karanta wa jama'a, sai ya yayyaga ta a gabansu. Labari ya fita, masu aikin gyaran katanga suka ajiye kayan aiki suka taru a gidan majalisar gari. Dole aka tattara gutsattsarin, Nicholas Bayard, ɗan 'yar'uwar Stuyvesant, ya haɗa su ya kwafe aka karanta.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne 'yan sa-kai na Long Island da Connecticut da suka taru a hayin Breukelen, wato Brooklyn ta yau, tare da sojan Nicolls. Al'adar yaƙi ta zamanin a fili take: garin da ya miƙa wuya bisa sharaɗi ana kare shi, wanda aka ci da ƙarfi kuwa ganima ne. Mutum 93 daga manyan gari suka sa hannu a takardar roƙon gwamna ya haƙura, cikinsu har da ɗansa Balthazar. Ranar 6 ga Satumba wakilan ɓangarorin biyu suka zauna a gidan gonar Stuyvesant suka tsara sharuɗɗa. Ranar 8 ga wata sojan Holan suka fito da makamansu, ana kaɗa ganga, tuta a sama, suka shiga Gideon ɗin nan da ya kawo bayi, shi ya mayar da su gida.

A ganina, wanda ya ɗora wa Stuyvesant laifi bai yi masa adalci ba. Kamfanin ya gwada haka da aka kira shi Holan a 1665, shi kuwa ya fito da kwafin wasiƙun da ya yi shekaru yana aikawa.

Malama Rabi

Malam Habibu ya kawo lissafin soja da albarushi daidai, sai dai ina ganin ya ɗan rage wa wani abu nauyi. Ko da rumbun albarushi cike yake, da wuya mutanen garin su mutu don kamfani. Ba su da abin da za su tuna masa na alheri. Gwamna Willem Kieft ya jawo musu yaƙi da 'yan asalin ƙasa daga 1643 zuwa 1645, bayan kisan gillar da ya sa aka yi a Pavonia, gonaki suka ƙone, mutane da yawa suka gudu. Majalisar gari ma sai da suka kai ƙara har Hague, mazaunin gwamnatin Holan, kafin a ba su ita a 1653. Haraji na kamfani ne, riba ta kamfani ce, kariya kuwa babu. Sannan garin tun asali gauraye ne: Walun masu jin Faransanci, Jamusawa, mutanen Sikandinebiya, Turawan Ingila, 'yan Afirka, da Yahudawa da suka iso daga Barazil a 1654. Kusan rabinsu ba 'yan Holan ba ne. Abin da ɗan kasuwa a irin wannan gari zai tambaya shi ne gidansa da kantinsa da bashin da yake bin mutane, wa zai bar masa su.

Shi ya sa nake ba kowa shawara ya karanta sharuɗɗan miƙa wuyan kansu, don su ne suka ci garin. Kowa zai ci gaba da riƙe gidansa, gonarsa, jirginsa da kayansa. Wanda ke son tafiya an ba shi shekara ɗaya da mako shida ya sayar da abin da zai sayar ya kwashe iyalinsa. 'Yan Holan za su yi ibadarsu da tsarin cocinsu yadda suka saba. Rabon gado zai bi al'adarsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: a dokar Holan mace da namiji daidai suke cin gado, matar aure na iya kasuwanci da sunanta, a dokar Ingila kuwa ƙasa ta babban ɗa ce, dukiyar mace kuma ta shiga hannun miji. Hukuncin da kotu ta riga ta yanke ba za a tayar da shi ba, kwangilar da aka ƙulla kafin ranar za a yi mata hukunci da dokar Holan. Ba za a tilasta wa ɗan Holan ɗaukar makami a kan wata ƙasa ba. Jami'an gari za su zauna a kujerunsu har lokacin zaɓe. Sojan da ya zaɓi zama ya yi noma za a ba shi eka 50. Har jiragen Holan an ce za su ci gaba da zuwa.

Nicolls bai yi wannan don kirki kawai ba. Soja 'yan ɗari yake da su, ba zai iya riƙe gari mai fushi ba, kuma ubangidansa kuɗin shiga yake so. Kango ba ya biyan haraji. Cinikin fata kuma yana hannun 'yan Holan na Fort Orange, su suka san harshen Mohawk da hanyoyinsu. Shi ya sa da George Cartwright ya karɓi wurin a ƙarshen Satumba ya sa masa suna Albany, abu na farko da ya yi shi ne yarjejeniya da shugabannin Iroquois, ƙawancen ƙabilun da Mohawk ke ciki, cewa za su ci gaba da samun kaya kamar yadda suke samu a da.

To amma a bi sharuɗɗan a ga wanne ya rayu. Na ibada da na dukiyar mutane sun tsaya. Dukiyar kamfani an ƙwace ta da yaƙi ya ɓarke a 1665. A watan Yunin 1665 Nicolls ya rushe tsarin majalisar gari na Holan ya kawo na Ingila, ya naɗa Thomas Willett magajin gari na farko. Na jirage shi ya fi saurin mutuwa, don ya ci karo da ainihin dokar da ta sa aka zo. Stuyvesant da kansa ya samo izini a Landan a 1667 na jiragen Holan 3 a shekara, a 1668 aka soke. Shi dai ya dawo ya zauna a gonarsa ƙarƙashin tutar Ingila har ya rasu a 1672. Unguwar Bowery daga kalmar Holan ta gona ta samo suna.

Gyara ɗaya kuma, Malam Aminu. Maganar ba a harba ko harsashi ba, a Manhattan kaɗai ta tsaya. A kogin Delaware akwai garin New Amstel, wanda birnin Amsterdam ne ke da shi kai tsaye. A watan Oktoba Sir Robert Carr ya je can. Mutanen gari sun yarda, amma shugaban wurin, Alexander d'Hinoyossa, ya shige sansani da 'yan sojansa ya ƙi. Aka buɗe musu wuta, aka kashe 3, aka raunata 10, aka washe wurin, aka kai sojan da aka kama Virginia aka sayar da su su yi bauta. Abin da mutanen Manhattan suka ji tsoro ke nan, kuma ya nuna tsoronsu na da dalili.

Akwai kuma waɗanda ba a zauna da su a gidan gonar ba. 'Yan asalin ƙasa, Lenape da sauransu, babu wanda ya tambaye su. Bayi kuma an lissafa su ne cikin dukiya. A ƙarƙashin kamfani akwai wani tsari da aka fara a 1644 da mutum 11, inda aka ba bawa gona da 'yancin zaman kansa, shi kuma yana biyan hatsi da alade ɗaya duk shekara, 'ya'yansa suna nan a matsayin bayi. Zalunci ne, amma yana da 'yar ƙofa. A ƙarƙashin Ingila ƙofar ta yi ta ƙuntata har aka kai ga tsauraran dokokin bayi na farkon ƙarni na 18.

Aminu

Allah ya ƙara sani, Malam da Malama. Yanzu na gane 1664. Saura maganar musayar. In ƙwace aka yi, daga ina labarin Suriname da tsibirin ya fito? Kuma me ya hana Holan aiko jirage nan da nan ta karɓe abinta?

Sagir

Ta aika jirage, Malam Aminu, sai dai wani wuri ta fara aika su, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ta fi ɗauka da daraja.

Ƙwace New Amsterdam rabin shiri ne. Ɗaya rabin a gaɓar Afirka ta Yamma aka yi shi. James ɗin nan shi ne shugaban kamfanin Ingila mai cinikin zinariya da bayi a Afirka, kuma tun farkon 1664 Robert Holmes ya bi gaɓar yana karɓe tashoshin kamfanin Holan, daga tsibirin Gore da ke Sanagal ta yau har Cape Coast da ke Gana. Da labari ya isa Hague, sai aka aika wa Michiel de Ruyter umarni a asirce, yana tekun Bahar Rum, ya nufi Afirka. Ya karɓe Gore a watan Oktoba 1664, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, a Fabrairu 1665 ya ƙwace Kormantin daga hannun Ingila, aka sa mata suna Fort Amsterdam. Cape Coast ce ta gagare shi. Daga nan ya haye Atlantika, ya kai hari Barbados a watan Afrilu, jiragensa suka sha wuta, albarushi ya ragu. Bai shiga New York ba, ya wuce Newfoundland ya koma gida. Zinariya da bayi sun zo gaban fatun biba.

An shelanta yaƙi a watan Maris 1665. Ingila ta yi nasara a yaƙin ruwa na Lowestoft a farko, sannan abubuwa suka juya mata: annoba a Landan a 1665, gobarar Landan a 1666, baitulmali ya bushe har aka ɗaure manyan jirage a tasha don babu kuɗin biyan ma'aikata. A watan Yuni 1667 De Ruyter ya shiga kogin Medway a Ingila inda aka ɗaure su, ya ƙona wasu, ya ja babban jirgin sarki, Royal Charles, ya tafi da shi Holan. Bayan makonni kaɗan, ranar 31 ga Yuli, aka sa hannu a yarjejeniyar Breda.

Ga inda labarin musaya ya fito. Yarjejeniyar ba ta ce ga wannan a ba ni wancan ba. Ƙa'ida ɗaya ta kafa: kowa ya riƙe abin da ke hannunsa. Ingila na riƙe da New Netherland da Cape Coast. Holan na riƙe da Suriname, wadda Abraham Crijnssen ya ƙwace daga Turawan Ingila a Fabrairun shekarar, da Kormantin, da tsibirin Run a cikin tsibiran Banda na Indonesiya ta yau, wanda Ingila ke da'awa tun 1616. In ka dubi sakamakon sai ya yi kama da musaya, shi ya sa maganar ta bazu. Amma kowane ɗayansu da bakin bindiga aka karɓe shi kafin a zauna.

Abin lura shi ne Holan ce ke da rinjaye a teburin, da ta nace da wataƙila ta samu. Ba ta nace ba don lissafinta ya nuna mata haka. Run bai fi kilomita 3 a tsayi ba, amma a zamanin kusan a Banda kaɗai gyaɗar ƙamshi ke fitowa, kuma da Ingila ta janye da'awarta, Kamfanin Holan na Gabashin Indiya ya zama shi kaɗai ke sayar wa duniya. Suriname na da gonakin rake masu aiki. New Netherland kuwa kuɗi take ci, kuma kare ta daga maƙwabta masu ninka ta yawa sai an zuba soja na dindindin. Ga Faransa ta fara kutsawa ƙasashen da ke kudu da Holan a wannan bazarar, ana bukatar sulhu da gaggawa. Masu yi wa Holan dariya yau suna auna Manhattan ne da farashin yau.

Sai zagaye na biyu. A 1672 Ingila da Faransa da wasu ƙasashen Jamus biyu, Münster da Cologne, suka taru a kan Holan. A 1673 rundunar Cornelis Evertsen da Jacob Benckes ta kai hari kan jiragen taba a Virginia, a nan suka ji cewa New York ba ta da tsaro. Suka iso a watan Agusta da jirage sama da 20. Gwamna Francis Lovelace ya tafi Connecticut, ya bar Kyaftin John Manning da soja ƙasa da 100 a sansanin da bai fi na zamanin Stuyvesant kyau ba. Aka yi musayar wuta kaɗan, Anthony Colve ya sauka da soja 600, mutanen gari 'yan Holan suka tarbe su, Manning ya sauke tuta. Gari ya koma New Orange, Albany ta koma Willemstad, Colve ya yi mulki wata 15.

Wannan karon ma a Turai aka yanke hukunci. Sojan Faransa na cikin ƙasar Holan, babu abin da ya fi mata muhimmanci irin ta raba Ingila da Faransa. Yarjejeniyar Westminster ta Fabrairu 1674 ta ce a mayar da duk abin da aka ƙwace a wannan yaƙi, Holan ta ƙara da diyyar gilda miliyan 2. Ranar 10 ga Nuwamba 1674 Colve ya miƙa garin ga sabon gwamnan da Ingila ta aiko, Edmund Andros. Manning kuwa an gurfanar da shi, aka karya takobinsa a kansa a gaban gidan majalisar gari.

Malam Habibu

Ƙarin bayani kaɗan ga mai bin ranaku, don yakan rikita mutane. Za ka ga wani littafi ya ce an tsara sharuɗɗa 27 ga Agusta 1664, wani ya ce 6 ga Satumba. Rana ɗaya ce. Lardin Holland ya koma sabuwar kalanda tun 1583, Ingila ba ta koma ba sai 1752, kuma a ƙarni na 17 tazarar kwana 10 ce. Haka takardar mallakar James, 12 ga Maris a lissafin Ingila, 22 ga Maris a na Holan. In ka haɗa ranaku daga littattafai biyu ba ka duba wannan ba, sai ka ga an miƙa gari kafin jirage su iso.

Na kuma karɓi gyaran Malama Rabi kan mutanen gari. Abin da zan ce kawai shi ne biyun a haɗe suke: rashin albarushin shi ne hujja ta ƙarshe da ta tabbatar musu kamfani bai damu da su ba.

Malama Rabi

Haka ne, Malam. Bari in ƙara abin da ya bambanta 1674 da 1664, don ba komawa gidan jiya aka yi ba. Lauyoyin sarki sun ce tunda Holan ta ci ƙasar da yaƙi sannan ta mayar wa sarki, takardar James ta farko ta mutu, aka rubuta masa sabuwa a 1674. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko sharuɗɗan 1664 su ma sun mutu.

A 1664, da Nicolls ya nemi rantsuwar biyayya, manyan gari sun ƙi har sai da ya bayyana a rubuce cewa rantsuwar ba ta soke ko kalma ɗaya daga sharuɗɗan ba, sannan suka rantse, har da Stuyvesant. A watan Maris 1675 Andros ya nemi tasa rantsuwar. Mutum takwas daga manyan 'yan kasuwa, cikinsu Cornelis Steenwyck da Johannes de Peyster, suka roƙi a ba su irin wancan tabbaci, musamman kan ibada da kan kada a sa su yaƙi da ƙasarsu ta asali. Andros ya ƙi, ya sa aka tsare su, aka kai su kotu da barazanar ƙwace dukiya, daga ƙarshe suka rantse ba tare da sharaɗi ba. Ɗaya daga cikin takwas ɗin shi ne Nicholas Bayard, wanda ya haɗa gutsattsarin wasiƙar Winthrop shekara 11 kafin nan.